Yadda Muka Ɗinke Dangin Mai Rijiya Cikin Fata

Duk abin da zan manta a duniya, ba zan manta da ranar da na miƙa wa wani bawan Allah danginsa kaf a ɗinke cikin jar fata ba, ga kuma kamyo, wato babbar motar kaya, yana jiransa a ƙofar gidan Bulama, mai garinmu. Ko yau in na tuna yadda ya tsaya yana kallona sai dariya ta kama ni. Amma a ranar ba dariya nake yi ba.

Abin ya faru ne zamanin Nasara, shekaru kaɗan kafin mulkin kai. Diffa ta lokacin ba wadda kuke gani yanzu ba ce. Ƙauye ne a bakin Komadugu, gidajen zana da ƴan ɗakunan ƙasa, in akuya ta haihu a gabashin gari kafin azahar na yamma sun ji. Kwamanda, Baturen da ke mulkin yankin, da biro, wato ofishinsa, duk suna Maine. Ni kuwa ina da shekara talatin ko kusa da haka, da mata da ƴaƴa biyu, mahaifiyata kuma tana zaune a gidana. In kogi ya kawo ruwa ina kan jigo ina ban-ruwan tattasai da alkama, in ya janye sai in bi aikin rijiya.

Shugabanmu a aikin wani farin mutum ne dogo, mai faɗin kafaɗa, hancinsa kullum a saɓule saboda rana. An ɗauke shi ne yana gina wa makiyaya rijiyoyin siminti. Mai Rijiya kawai muke ce masa, don sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshenmu. Abu ɗaya ke ɓata masa rai, wato a ce masa Bafaranshe. Sai ya ajiye cebur ya ce, "Ni ba Faransi ba. Ni mutumin Ukren." Ba wanda ya san inda Ukren take. Yakan nuna wajen Bilma da hannu, ya ce a yi ta tafiya har sai an iske inda ruwa ke daskarewa a cikin randa. Babban yaƙi ne ya watsa gidansu. Ya yi zaman sansani, ya yi wa Faransa aikin soja, daga nan rabo ya jefo shi bakin koginmu. Hausarsa mai nauyi ce, tamu ta Barebari ma ba ta fi ta sauƙi ba, shi ya sa ba mu taɓa yi wa juna dariya ba.

Ɗakinsa yana jingine da dangata, tuwon gidana yake ci. Mahaifiyata muna ce mata Ya, shi ma da ya ji haka sai ya kama, ita kuma ta mai da shi ɗa ba tare da ta nemi izininsa ba.

Yana da wani gwangwanin biskit da fentinsa ya koɗe. Ranar Juma'a in mun sauko daga masallaci ba a aiki, sai ya shimfiɗa tabarma gindin tsamiya ya buɗe shi. Hotuna ne a ciki da takardu, an naɗe su da tsohuwar taguwa. Akwai hoton babansa a tsaye ƙiƙam, da gashin baki kamar ƙahon sa, ya dafa kujera. Akwai na mamarsa da kallabi. Akwai wani nasa yana yaro, shi da ƙanwarsa a ƙofar wani farin ɗaki mai rufin ciyawa, ita da furanni a ka, ga agwagwa a ƙafafunsu. Iyayen ya san sun rasu. Ƙanwar ce bai san ko tana da rai ba, kuma ya yi shekaru yana aika wasiƙa wuraren da ake cigiyar mutanen da yaƙi ya raba, ba amsa.

Ranar da Ya ta fara ganin hoton mamarsa, ta kai shi dab da idonta ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ita ta haife ka?"

"Ita ce, Ya."

"Dubi hannuwa. Wannan ta sha noma. Ba matar ɗan biro ba ce."

"Alkama, Ya. Gona daga nan har kogi."

"To me ya fito da kai daga ƙasar alkama ka zo kana haƙa rami a yashi?"

Mai Rijiya ya yi dariya, ya mai da hoton cikin taguwa.

Wata shekara da sanyi aka tura shi wajen Fulatari, aikin wata huɗu. Ni ban bi shi ba, don tattasaina ya fara ja, ba na iya barin garka. Da safen da za su tashi, ana ɗaura wa raƙuma kaya, sai ga shi da gwangwanin a ƙirji.

Ya ce, "A hanya kaya na faɗuwa, salka na zuba. Ka riƙe mini wannan." Ya ƙara da cewa, "Ba ni da gida, ba ni da kabarin da zan je. Wannan ne gidan."

Na karɓa da hannu biyu na ce, "Tafi hankali kwance."

Iyakar abin da na ce ke nan. Ban tambaye shi inda ya kamata a ajiye ba, ban tambaye shi abin da hoto ke so da abin da ba ya so ba. A ganina tambaya kamar nuna masa ne cewa ban iya riƙon amana ba. Ban san karatu ba a lokacin, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba, amma ina ji da kaina a matsayin magidanci mai hankali.

Mu mutanen gidan zana abin da muka fi tsoro wuta ce. Duk abin da ke da daraja binne shi ake yi. Mundayen azurfar Ya sun yi shekara da shekaru cikin tukunya a ƙarƙashin ƙasa, ba abin da ya same su. Saboda haka na haƙa rami ƙarƙashin gadona, na sa gwangwanin, na mai da ƙasa na daɓe. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne, azurfa ba ta cikin abincin gara, kuma ƙasar bakin kogi da danshi take kwana take tashi.

An yi kamar mako shida. Wata rana na dawo daga garka, matata ta tare ni da tsintsiya a hannu.

"Maigida, gara ta yi hanya ƙarƙashin gadonka."

Ko ruwa ban sha ba. Na ture gadon na kama tono da hannu. Da na ɗago gwangwanin sai na ji gindinsa ya yi laushi, tsatsa ta huda shi wuri uku. Na buɗe. Taguwar da aka naɗe kayan da ita ta zama kamar rariya, gara na ta yawo a ciki abinta. Na fito tsakar gida na zazzage komai a kan tabarma, na ƙirga. Guda goma sha tara, kamar yadda na sha gani yana jerawa. Hotunan lafiya lau. Amma akwai wata takarda mai launin toka, da hatimi shuɗi a ƙasanta, gara ta cinye mata gefe guda har cikin rubutun. Na zauna ina kallonta. Ko wasiƙar mamarsa ce ta ƙarshe, ko takardar gonarsu ce, Allah kaɗai ya sani, ni dai baƙi ne a gabana kamar sawun kaji.

Ya ta fito daga ɗakinta ta tsaya a kaina.

"Kai da ka girma a gidan nan, ka taɓa ganin an bar takarda mai daraja tsirara? Layar kakanka shekara nawa take? Gara ta taɓa ta?"

"Ya, ai wannan ba laya ba ce."

"Rubutu ne a takarda, mai shi yana tsoron ya rasa. In ba laya ba ce, ƙanwarta ce. Kwashe mu tafi wurin ɗan kawunka."

Ɗan kawun nawa baduku ne, ya girme ni da shekara goma, kuma taubashina ne, don haka bakinsa ba ya raga mini. Kafin mu isa rumfarsa labari ya riga mu. Yana hango ni ya ajiye basilla.

"Ga mai shuka gwangwani ya iso. Ya tsiro?"

"Ba wasa ya kawo ni ba."

"Da ka ƙara masa guga biyu na jigo, da baɗi garin nan kowa ya girbi biskit."

Ya ta ce masa ya rufe baki ya buɗe ido. Ta gaya masa abin da take so: kowace takarda, kowane hoto, a yi mata rigar fata irin ta laya, wadda ko ruwa ba ya shiga.

To, ku da kuka san aikin dukawa kun san yadda ake laya. Ninke takardar ake yi ƙanana-ƙanana, a naɗe ta da zare, sannan a rufe da fata. Hannun ɗan kawuna ya yi wannan aikin sau dubu, ba ya jiran kansa ya ba shi umarni. Ina can na juya ina gaisawa da wani mai wucewa, sai na ji wata ƴar ƙara, ƙas, sannan kuma ƙas. Na waiwayo. Hoton baban Mai Rijiya ne a hannunsa, ya ninka shi sau biyu a tsaye. Na fizge na buɗe. Farin layi biyu sun sauko daga goshin tsohon, sun ratsa kumatunsa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, har ƙirji.

Ɗan kawuna ya sosa ƙeya ya ce, "Wannan takardar ba ta da ladabi. Tamu in ka ninka ta sai ta bi."

Na so in kwashe sauran in gudu, amma in kai su ina? Gwangwani ya mutu, gara na jira a gida. Ɗan kawuna, da yake kunya ta kama shi, ya zauna ya yi tunani irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba. Ya samo kwalayen sukari ya yanka daidai girman kowane hoto, ya sa hoton a tsakiya a shimfiɗe, sannan ya rufe da fata. Takardun kuwa ya bi tsohon ninkinsu, bai ƙara ko ɗaya ba. Na ce a bar baki guda a buɗe. Ya ta ce sam, inda iska ta shiga nan gara ke shiga, a ɗinke gefe huɗu. Haka aka yi. Ya kwana goma yana aikin, ya ajiye takalman mutane da linzamansu suna ta zuwa suna zaginsa. Da ya gama ya zura su duka a tsirkiyar fata guda. Ba zan ɓoye muku ba, sun yi kyau. Ja wur, suna ƙamshin sabuwar fata, kamar ɗamarar babban mafarauci.

Na rataye su a azarar ɗakina inda ido ke kaiwa. Kullum in na kwanta sai in dube su, in ji daɗi kaɗan, sannan in tuna fuskar tsohon nan da takardar da gara ta ci, daɗin ya tafi. Na riƙa shirya maganar da zan yi. A kan jigo, kowane guga da nasa salon ban-haƙurin. Ina ganin ina da sauran wata biyu in gyara ta.

Ko mako biyu ba a yi ba. Wata safiya da hantsi ina ban-ruwa, sai na ga mutum yana gangarowa gaɓar kogi da gudu, hula a hannu ɗaya, ambulan a ɗayan. Mai Rijiya ne, gemunsa duk yashi. Ya tsallake kwamin albasar maƙwabcina, ya taka nawa, ya rungume ni har gugan ya koma ruwa.

"Tana da rai," in ji shi. "Ƙanwata. Tana Kanada. Miji, yara uku."

Ashe ya je Maine ɗaukar siminti ne ya iske wasiƙa tana jiransa. Masu cigiya sun sami wata mata da ke neman yayanta, suna da gari duk sun yi daidai, amma suna son shaida kafin su haɗa su: takardar haihuwarsa, da hoton nan na ƙofar ɗaki, don ita ta ce in shi ne yana da shi. A Damagaram akwai mai hoto da zai iya fitar da irinsu a aika. Kamyon da ke fitowa daga N'Gigmi kuwa ga shi can ƙofar Bulama, direba yana cin abinci, da an yi azahar zai tashi. In ya wuce sai an yi makonni kafin a ga wani.

"Mu je," in ji shi. "Kawo gwangwani."

Daga garkata zuwa gida ba nisa, amma ban taɓa yin tafiya mai tsawon ta ranar ba. Duk maganar da na shirya ta zube a hanya. Na shiga ɗaki, na sauko da tsirkiyar, na fito na miƙa masa da hannu biyu, kamar yadda na karɓa.

Ya dubi layun, ya dube ni. Ya yi murmushi, yana tsammanin kyauta ce ta tafiya.

"Na gode. Ina gwangwani?"

"Gara ta ci gindinsa."

Murmushin ya ɗauke. "Ina hotuna?"

"Ga su nan."

"Ina?"

"Ciki."

Ya nemi wurin zama, turmi ne kusa, ya zauna a kai. Ya ɗauki guda ya juya gaba, ya juya baya, yana neman baki. Ya ɗauki ta biyu. Fuskarsa ta yi ja, ta koma fari. Sai ya ɗaga kai sama ya yi wata doguwar magana da harshensu, wadda ban taɓa jin ya yi mai tsawonta ba.

Ya ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Me yake cewa?"

"Ban sani ba, Ya. Amma ba godiya ba ce."

Mai Rijiya ya zaro wuƙar aljihunsa. Na ga in ya soka ta cikin wannan gaggawar abin da gara ta bari shi zai ƙarasa. Ya ta kama masa wuyan hannu.

"Ajiye wuƙa, ɗana. Wanda ya ɗinka shi ke farkewa." Ta juya wurin matata. "Ke, je ki kira ɗan kawun mijinki. In kin dawo ki kai wa direban nan ƙarin kifi. Zaɓi mai ƙaya da yawa."

Ɗan kawuna ya iso yana tafiyarsa ta kullum, kamar ba abin da ke ci, da ƴar askarsa a bayan kunne. Ya yi sallama, ya tambayi gajiyar hanya, ya tambayi raƙuma. Mai Rijiya ya girgiza masa tsirkiyar a fuska.

"Goma sha tara. Duka iri ɗaya. Kamyo zai tafi."

"A idonka ne suke iri ɗaya. Faɗi wanda kake so."

"Ni da ƙanwata."

"Mai furanni a ka, da agwagwa?"

Ɗan kawuna ya bi layun da yatsa, ko dubawa sosai bai yi ba, ya tsaya kan wata mai tuntu biyu, babba da ƙarami. Ya tsinke zare uku da bakin aska, ya zame kwalin. Ga yara biyu a ƙofar farin ɗaki, ko ƙura ba ta taɓa su ba. Mai Rijiya ya karɓi hoton ya riƙe da hannu biyu.

"Sai me?" in ji ɗan kawuna.

"Takardar haihuwa."

"Ni ban san haihuwa ba. Wane hatimi gare ta?"

"Tsuntsu. Kai biyu."

"Ai da ka ce kazar nan mai kai biyu." Ya jawo wata da ɗinkinta ya rabu biyu a sama, ya farke. Ita ce.

Ni kaina ban san ya yi wannan dabarar ba. Ya dube mu yana jin daɗin kansa ya ce, "Ran kasuwa mutum goma ke kawo mini laya, in na rufe su duk kamarsu ɗaya. Kuna tsammanin da me nake mayar wa kowa tasa? Na mai ciwon kai in ba mai neman aure?" Ashe kowace ya yi mata alama da abin da ya gani a ciki. Ta mamar tana da ɗan kallabi na baƙar fata a kusurwa. Ta gidan tana da ɗinki mai tsini kamar rufin ɗaki.

Mai Rijiya ya miƙe ya sa hoton da takardar a aljihun ƙirji. Fuskarsa ta saki, har ya dafa kafaɗar ɗan kawuna. Da na yi shiru da ya tafi a haka, sai bayan makonni ya sani. Na yi wannan tunanin, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ɗaga ido na ga Ya tana kallona, irin kallon da take mini tun ina satar ƙuli-ƙuli.

Na ce, "Tsaya. Akwai saura biyu."

Aka fara farke mai launin toka. Na miƙa masa ina kallon ƙasa, na ce gara ta riga ni. Ya karɓa ya duba gaba da baya.

"Wannan ce ta hana ka barci?"

"Ita ce."

"Takardar karɓar takalmi ce a soja. Takalmin ma bai yi mini daidai ba. Gara ta kyauta."

Ɗan kawuna ya fashe da dariya, matata ma da ta dawo daga kai kifi ta rufe baki da gefen zane. Ni ban yi ba, don na san abin da ya rage. Na nuna mai ɗinki biyu a murɗe kamar gashin baki. Wannan karon ɗan kawuna ya daɗe kafin ya tsinke zaren.

Mai Rijiya ya koma kan turmin. Ya ɗora hoton a gwiwa, ya bi farin layin da babban yatsa daga goshi har ƙirji, ya bi ɗayan. Daga nesa muna jin yaran gari suna kewaya kamyo.

"Shi kaɗai ne," in ji shi. "Babu wani."

Na ce, "Ni na binne, ni na kai. Laifina ne."

Ɗan kawuna ya ce, "Hannuna ne ya ninka." Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

Hawaye ya gangaro masa cikin gemu. Sai Ya ta miƙa hannu ta ɗauki hoton daga gwiwarsa, ta kai shi dab da idonta, ta daɗe. Sannan ta ɗaga shi ta jera da fuskarta, ta nuna tsagar gadon da ke kumatunta, dogaye daga sama har haɓa.

"Ɗana, dubi nan, ka dubi nan. Tsohon nan wata nawa yana kwana a gidana, ba wanda ya san ko ɗan wane gida ne. Yanzu an yi masa tsaga. Ko a kasuwar Maine ya ɓace, ƙofar gidan nan za a kawo shi."

Ya dubi hoton, ya dubi fuskar Ya, ya sake duban hoton. Wani abu ya fito masa daga ƙirji kamar tari. Sai da ya maimaitu muka gane dariya ce. Ya yi ta yi hawaye na zuba, har ya riƙe ciki.

"Sojan ƙasa uku sun shiga garinmu," in ji shi. "Kowa ya ce sai babana ya zama nasu. Ya ƙi. Ya zo Diffa wata biyu, ya zama Babarbare."

Da dariya ta lafa ya share ido, ya dube ni. Bai ce ba komai ba, kuma na ji daɗin da bai ce ba, don da ƙarya ce.

"Ya yi zafi," in ji shi. "Amma da kun bar shi a ƙasa, da yanzu babu shi." Ya ɗan girgiza kai. "Sai dai kai, Fulatari ba Ukren ba ce. Da ka aiko mutum ya tambaye ni."

Gaskiya ce tsurarta. Kowane mako akwai masu raƙuma da ke zuwa can.

Aka kira azahar. Mai Rijiya ya rataya tsirkiyar a kafaɗa, muka raka shi ƙofar Bulama. Direba yana zaune har yanzu yana cire ƙaya daga haƙori. Da ya ga farin mutum ɗauke da layu tun daga wuya har ƙugu, sai ya miƙe tsaye ya ce da wannan fasinjan yau ko taya ɗaya ba za ta fashe ba, a ba shi gaba.

Mai hoton Damagaram ya fitar da sababbi, har ya shafe layukan a kan sabon hoton tsohon, ya fito sumul. Mai Rijiya ya aika wa ƙanwarsa wannan, ya ba ta labarin abin da ya faru. Da amsa ta zo, bayan watanni, ta ce a aiko mata da mai tsagar ma, tana son yaranta su ga kakansu na Diffa. Ta haɗo da hotonta, tana tsaye cikin ƙanƙara da wata ƙatuwar riga. Ya ta duba ta ce madalla, mijin yana ciyar da ita.

Layun kuwa bai yar da su ba. Ya sa ɗan kawuna ya yi wa kowace marfi da maɓalli, ta buɗu ta rufu. Juma'a uku muka yi gindin tsamiya yana fito da su ɗaya bayan ɗaya, yana gaya mana ko wane ne wannan, wa ya haife shi, me ya ci shi, yana kuma rubutawa a bayan kowane hoto. Ya ce ranar da ya zauna a kan turmina ya gane cewa in ya faɗi a rijiya, ba mai iya cewa ga sunan ko mutum ɗaya a cikinsu. Bayan damina biyu ya tafi wurin ƙanwarsa, da danginsa a kafaɗa cikin jar fatar akuyar Diffa.

Abin da wannan ya koya mini shi ne, kyakkyawar niyya ba ta isa riƙon amana ba. Sau biyu na yi wa mutumin nan abin da nake ganin alheri ne, sau biyu na kusa raba shi da iyayensa, duk don na ji kunyar in ce ban sani ba. Yanzu da furfura a gemuna nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi a hankali, kuma maƙwabta sukan kawo mini takardunsu in ajiye, na tsofaffin soja, na gona, na haihuwa. Ba na karɓar ko ɗaya a rufe. Sai in shimfiɗa tabarma in ce wa mai ita, zauna, buɗe, gaya mini abin da ke ciki, ka kuma gaya mini abin da ba ya so.